Tsautsayin Yara a Ƙasar Birnin Gwari: Kowane Iri da Lokacinsa

Duk wanda ya taɓa aikin duba makarantu ya san gurbin nan na ƙarshe cikin rajistar aji, inda malami kan rubuta dalilin fitar yaro daga makaranta. Wani a rubuta masa "ya koma wani gari", wata "an yi mata aure", wani kuwa kalma biyu tak, "ya rasu". Shekarun baya mun sauka wata makaranta a ƙasar Birnin Gwari, muka tarar da kalmomin nan biyu gaban sunan wani yaro ɗan aji uku. Da muka tambaya, sai hedimasta ya ce ruwa ne ya ci shi a wani tsohon ramin zinariya da ke bayan gari, da la'asar, cikin marka. Muka ce, shi ne na fari? Ya yi jim, kāna ya ce a'a, ramin ya taɓa cin wani kafinsa. Muka ce, to, an cike ramin? Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a cike ba. Ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Ba mu ja da cewa rai da ajali suna hannun Allah. Amma fa ramin da ya ci yaro bara, ya sake cin wani bana, cikin wata guda, a lokaci guda na yini, lalle ya bar sawu, sawu kuwa ana iya binsa. Abin da muke so mu nuna wa malamai da akawuna ke nan yau: hatsarin da ke cin yaranmu yana da tsari. Kowane iri yana da shekarun yaron da ya fi kamawa, da watan da ya fi yawa, da wurin da yake fakon su.

Abin da Ƙidaya ta Nuna

A watan Disamba na 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da rahoto na farko a kan wannan al'amari ga duniya baki ɗaya. Suka ce kowace shekara yara wajen 830,000 'yan ƙasa da shekara 18 ke mutuwa ta hanyar hatsari, watau fiye da 2,000 kowace rana. Abu biyar ne suka fi ɗauka: hatsarin hanya wajen 260,000, nutsewa a ruwa wajen 175,000, ƙuna wajen 96,000, faɗuwa daga bisa wajen 47,000, sai guba fiye da 45,000. Kashi 95 cikin 100 na wannan asara a ƙasashen da ba su da wadata take aukuwa. Maza sun fi mata mutuwa a kowane iri, in banda ƙuna, domin ita ce kaɗai inda 'yan mata suka fi, saboda su ke gindin murhu.

Shekarun yaro ma suna da magana. Daga rarrafe zuwa shekara 4, hatsarin yaro a cikin gida yake: bokitin ruwa, rijiya, tukunyar kunu, kwalbar da aka aje ƙarƙashin gado. Daga shekara 5 zuwa 9 ya fita ƙofar gida, sai ya gamu da kududdufi, da bishiya, da titi. Daga 10 zuwa sama kuwa ya shiga aikin manya da jikin yara: kiwo, noma, talla, tuƙin babur, da ramin haƙa. Malamin da ya san aji nawa yake koyarwa, to, ya riga ya san hatsarin da ke jiran almajiransa.

Ƙasar da Yaran ke Ciki

Ƙasar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Ƙasa ce ta daji da rafuka da duwatsu. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun dajin Tarayya a 1999, ya kai murabba'in kilomita 1,120 ko kusa da haka, Kogin Mariga na gefensa. Ga madatsar ruwa ta Bagoma kusa da gari. Ga babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta ratsa zuwa Tegina, ga wadda ta nufi Funtuwa. A kewayen Tsohon Birnin Gwari kuwa akwai zinariya cikin duwatsu, an haƙe ta ƙwarai zamanin Turawa cikin shekarun 1930, aikin ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya masu haƙa da diga da shebur suka farfaɗo da shi. Daji, ruwa, hanya, rami: waɗannan huɗu su ne arzikin ƙasar, su ne kuma ƙofofin da hatsari ke shigowa. Bari mu bi shekara daki-daki.

Hunturu: Wuta

Idan ɗari ya sauko, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, akan shiga da kaskon wuta ɗaki, yara su kewaye shi. A lokacin ne ƙuna ta fi yawa. Yarinya ta sunkuya gaban murhu da mayafin yadin roba, wanda in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Mai rarrafe ya jawo tukunyar ruwan zafi da aka sauke ƙasa. Ga kuma fetur na babur ko na janareto da ake ajewa cikin jarka a ɗakin da ake kwana.

Makaranta ma ba ta tsira ba. Ran 8 ga Nuwamba na 2021, a Maraɗi, wuta ta kama azuzuwan zana, yara aƙalla 25 'yan shekara 5 zuwa 6 suka rasu. A watan Afrilu na shekarar kuwa yara 20 sun riga sun mutu ta wannan hanya a Yamai. Bayan gobarar Maraɗi ne gwamnatin Nijar ta hana azuzuwan zana ga ƙananan yara. Duk hedimastan da ke da rumfar zana, ko aji mai ƙofa ɗaya da tagogi masu ƙarfe, ya kamata ya tambayi kansa ta ina yara za su fita.

Abin da za a koya wa yara gajere ne. Wanda tufafinsa suka kama wuta kada ya ruga, gama gudu hura wutar yake yi. Ya kwanta ya yi ta birgima. Sa'an nan a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, mai sanyi, a kan ƙunar har minti 20. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko baƙin mai, domin datti suke kai wa ciwon. A rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti.

Bazara: Bishiya da Rijiya

Da zafi ya shigo, mangwaro ya nuna, ɗorawa ta yi 'ya'ya, sai yara maza su koma bisa. Faɗuwar ba ita ce iyakar ɓarnar ba. Sau da yawa karayar da za ta warke cikin 'yan makonni ita ke jawo yanke hannu, saboda an ɗaure ta da karare an matse ƙwarai har jini ya daina gudana. Likitocin ƙashi na asibitocin koyarwa na Arewa sun daɗe suna kuka da wannan. Malami ya duba yatsun yaron da aka yi wa ɗori: in sun kumbura, sun yi sanyi, ko sun soma baƙi, ko yaron ya kāsa motsa su, a sassauta ɗaurin nan take a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

A bazara ne kuma ruwan rijiya ke nisa, yarinya ta ƙara sunkuyawa da guga. Rijiyar da ba ta da baki ginanne da murfi tarko ce. Ƙishirwar bazara kuma ita ke sa ƙaramin yaro ya ɗaga kowace gora ya kai baki, ko kananzir ne a ciki, ko fiya-fiya, ko maganin feshin ciyawa. In yaro ya sha kananzir ko fetur, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin abin tsoron shi ne man ya shiga huhu. A ɗauki gorar da ya sha a tafi da ita, likita ya ga ko mene ne.

Damina: Ruwa da Maciji

Nutsewar yaro ba ta da kururuwa. Ba ya samun numfashin da zai yi ihu, cikin 'yan mintoci an gama, mai rarrafe kuwa ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa ya kashe shi. Cikin Yuli da Agusta kowane kududdufi ya cika, rafin da aka tsallake da safe zuwa makaranta ya kawo kafin a tashi. Tsohon ramin haƙa ya fi kududdufi sharri, gama shi ba shi da gangare: taki ɗaya daga baki sai zurfi, gefensa kuma santsi, ba abin kamawa.

Jirgin ruwa ma ya ci yaran Arewa da yawa. Ran 30 ga Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, a Bagwai ta Jihar Kano, mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi. Lodi ya fi ƙarfin jirgin. A watan Mayu na 2023 kuma yara aƙalla 15 na ƙauyen Dandeji, a ƙasar Shagari ta Sakkwato, suka nutse a kan hanyarsu ta zuwa itace. Malamin da zai fita da yara ta ruwa ya ƙidaya su da kansa, ya raba su sahu-sahu, ko da za a makara.

Akwai magani, an kuma gwada shi. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya fi kowane abu cin ƙananan yara, an lura cewa galibi suna nutsewa ne tsakanin hantsi da azahar, kusa da gida, lokacin da uwa ke fama da aiki. Sai aka kafa wuraren reno a ƙauyuka, mace ɗaya da mataimakiya suna tsaron yaran unguwa cikin waɗannan sa'o'i. Mutuwar ruwa a cikin yaran da ke zuwa wurin ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ba injin aka sayo ba, sanin lokacin hatsarin ne ya yi aiki. Manyan yara kuma a koya musu cewa in wani ya faɗa ruwa kada su bi shi. Su miƙa masa gora, ko su jefa masa jarka rufaffiya wadda ba kome ciki, su yi kururuwa.

Maciji kuwa lokacinsa shuka da noma da girbi. Kububuwa ita ce uwar ɓarna a ƙasashenmu, ba banza ake ce mata gobe-da-nisa ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, yaro na iya zama kamar lafiya lau da fari, daga baya jini ya soma fita ta dasashi. Dafin da za ta zuba wa babba shi take zuba wa yaro, jikinsa kuwa ƙarami, saboda haka allurar da za a yi masa ba ta gaza ta babba ba. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi kada ya taka, a kai shi inda ke da allurar dafi. Ya kamata kowane hedimasta ya san wurin tun kafin ruwan fari.

Kaka: Hanya

Da amfanin gona ya iso gida, manyan motoci sun yawaita, kasuwanni sun cika, sai 'yan talla su bazu bakin titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya auna gudun mota ba tukuna, gajartarsa kuma kan ɓoye shi bayan motar da ke tsaye. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mai tafiya a ƙasa gefen hagu ya kamata ya bi, yana fuskantar abin da ke zuwa. Makarantar da ke bakin titi ta sa malami ɗaya ya riƙa tsallakar da yara safe da lokacin tashi, ta kuma rubuta wa Ƙaramar Hukuma da Hukumar Kiyaye Haɗurra neman a sa abin rage gudu. Babur ɗaya da yara huɗu, ɗan shekara 12 ke tuƙi, wannan ba ya bukatar bayani.

Rani: Rami da Ƙurar Zinariya

A nan ne muke so mu daɗe, domin shi ne ya fi shafar Tsohon Birnin Gwari. Hatsarin rami iri biyu ne, na bayyane da na ɓoye. Na bayyane shi ne ruftawa. Akan tura yaro cikin ƙunci saboda ƙanƙantar jikinsa, ko ya shiga ƙarƙashin gaɓa yana ƙwaƙulo ƙasa. A watan Yuni na 2025, a ƙauyen 'Yardoka ta ƙasar Kubau, cikin wannan Jiha tamu, ramin ƙasa ya rufta da yaran da ke haƙar ƙasar bulo, 11 suka rasu, 7 suka ji rauni. Duk ramin da aka ci ƙarƙashinsa aka bar rufi a sama, rufin nan zai sauko, rana ce kawai ba a sani ba.

Na ɓoye kuwa ita ce gubar dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Da aka bincika, sai aka tarar dutsen zinariyar da ake haƙowa yana cike da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka shi a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka ƙidaya gida-gida, yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 ya mutu cikin shekara guda. Kafin a ba yaran magani sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, gama in ba haka ba za su koma su sake sha. Garin Bagega bai sami wannan aiki ba sai 2013.

Wani zai ce Zamfara da nisa. To, a 2015 abin ya sake aukuwa a Shikira, cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari ta kudu, yara aƙalla 28 suka rasu, duk 'yan ƙasa da shekara 5. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba kowane dutsen zinariya ne ke da dalma ba, amma ido ba ya rarrabewa, sai gwaji, rami ɗaya kuwa na iya bambanta da na kusa da shi. Alamunta su ne amai, da ciwon ciki, da kasala, da jijjiga wadda maganin zazzaɓin cizon sauro bai kwantar ba. Wanda ya sha kaɗan-kaɗan ba zai nuna kome ba, sai dai ƙwaƙwalwa ta dakushe, malami ya yi ta fama da shi a aji yana ce masa daƙiƙi. Ƙa'ida uku ce: kada dutse ya shigo gida, kada turmi ko injin abinci ya taɓa shi, mai aikin rami ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Zaibar da ake ƙonawa don fid da zinariya ita ma hayaƙinta guba ne, a nisanta ta da ɗaki da yara.

Sabon Baƙo

Akwai hatsari guda wanda iyayenmu ba su sani ba. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin nan sun bar abubuwa a ƙasa. A watan Yuli na 2020 wani abu ya fashe a gona a 'Yammama ta ƙasar Malumfashi, yara aƙalla 5 da suka je ciyawa suka rasu. A Janairu na 2024, a Kidandan ta ƙasar Giwa, wani almajiri ya tsinto wani ƙarfe daga daji, ya fashe a tsakiyar 'yan'uwansa, ɗaya ya rasu, wajen 10 suka jikkata. Bayan sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi a Nuwamba na 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane sun koma gonakin da aka daɗe ba a taka ba, yara kuma ga su da son tsintar ƙarfe don masu gwangwan. A gaya musu kullum: baƙon ƙarfe, kada ka taɓa, kada ka jefe shi, koma ta inda ka zo, ka gaya wa babba.

Aikin Alƙalami

A ƙasar Suwidin cikin shekarun 1950 hatsari na cin yara ƙwarai. A 1954 wani likitan yara, Ragnar Berfenstam, da abokan aikinsa suka kafa kwamiti na ƙasa, suka fara da ƙidaya: wane yaro, a ina, yaushe, ta yaya. Daga ƙidayar aka gyara tituna da gidaje, aka koya wa yara iyo, har ƙasar ta zama cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin wannan mutuwa a duniya. Abin da suka fara da shi muna da shi, watau littafi da alƙalami.

Saboda haka muna roƙon kowane hedimasta ya buɗe littafi guda, ya ja masa gurbi bakwai: rana da sa'a, shekarun yaro, namiji ko mace, wurin da abin ya auku, abin da yaron ke yi, wanda ke tare da shi, abin da aka yi masa da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin asibiti. A rubuta har wanda ya tsira, domin rijiyar da aka ciro yaro da rai yau ita ce za ta kashe na gobe. A haɗa da ƙannen 'yan makaranta da almajiran tsangaya, a nemi labarinsu wurin mai unguwa da alaramma. Littafin nan ba na neman mai laifi ba ne. Ran da aka mai da shi haka, ran nan iyaye za su daina faɗin gaskiya.

Ƙarshen kowane wata a aika da kwafi ofishin Sakataren Ilimi. Akawu kuwa kada ya jefa shi cikin fayil ya rufe. Ya sami taswirar gunduma, ya ɗiga alama inda kowane abu ya auku. Duk inda alama biyu suka haɗu, ya rubuta wa Hakimi da Shugaban Ƙaramar Hukuma, ya faɗi sunan ramin ko rijiyar ko kwanar, da abin da ake bukata. Cike rami aikin gayya ne na yini ɗaya. Murfin rijiya bai kai kuɗin zaman makoki ba.

Mu kuma da ke horon malamai mun ɗauki namu: ɗalibin da zai fita koyarwa ya fita da sanin taimakon farko, da sanin watannin nan, don ya yi darasin wuta kafin hunturu, na ruwa kafin marka. Ɗa na kowa ne. Allah Ya raya mana su, Ya sa gurbin nan na ƙarshe cikin rajista ya riƙa cika da "ya gama, ya wuce gaba", amin.